Mayar da zanen gado marar roba ya zama mai roba a gida: tambayoyi da amsoshi

Zanen gado marar roba halinsa ɗaya ne a ko'ina. A shimfiɗa shi da safe ya kwanta sumul, a kwana a kai, kafin gari ya waye ya tattare a tsakiya, gefe guda ya zame ya bar katifa a buɗe. Mai roba ba ya haka, domin an ɗinke kusurwoyinsa huɗu sun zama aljihu, bakinsa kuma ya shige ƙarƙashin katifa ya riƙe. Duk wanda ya iya ɗinka miƙaƙƙen layi zai iya wannan aiki da kansa. Ga tambayoyin da masu son gwadawa suka fi yi, da amsoshinsu.

Shin kowane zanen gado ne zai yiwu a mayar da shi mai roba?

Ta fuskar yadi, kusan kowanne. Auduga zalla, audugar da aka gauraya da foliyesta, da lilin, duk suna karɓar wannan ɗinki ba gardama. Mai santsi irin satin yakan zame a ƙarƙashin allura, sai an yawaita fil. Mai miƙewa irin yadin singileti kuma yana son allura mai dunƙulallen baki. Amma su ma ana yi.

Abu biyu ne ke fitar da zane daga wannan aiki, ƙanƙanta da tsufa. Maganar ƙanƙanta tana tafe. Shi kuwa tsufa, ku ɗaga zanen ku duba shi ta hasken taga. In tsakiyarsa ta yi shara-shara, haske na ratsa ta fiye da yadda yake ratsa gefe, ku bar shi. Zane mai roba kullum a ɗame yake, yadin da ya sha jiki kuwa in aka ɗame shi, a daidai inda ake kwanciya zai yage.

Yaya zan san zanen da nake da shi zai isa katifata?

Ku auna katifar kanta da tef. Kada ku dogara da sunan girman da aka sayar muku da ita a kai, don katifu biyu masu suna ɗaya sukan bambanta da santimita kaɗan, kauri kuwa ba ya cikin sunan ma sam. Awo uku ake so: tsawo, faɗi da kauri. In kuna ɗora wata siririyar katifa ko mayafin kare katifa a sama, a auna kaurin tare da su.

Daga nan sai lissafin rara, wato yadin da zai sauko ta kowane gefe. Rarar nan kashi uku ce: kaurin katifa, abin da zai shige ƙarƙashinta, da abin da kalmasa za ta ci. A ce katifa tsawonta santimita 200, faɗinta 150, kaurinta 25. A ba ƙarƙashi santimita 10, a ba kalmasa 3. Rarar kowane gefe ta zama 25 da 10 da 3, wato 38. Tunda gefe biyu ne a tsawo, biyu a faɗi, sai a ninka ta biyu, 76 ke nan. To ana bukatar zane mai tsawon 276 da faɗin 226. In tef ɗinku na inci ne, lissafin bai canza ba, inci 4 na ƙarƙashi, inci 1 da ɗan ɗori na kalmasa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne.

A cikin kashi ukun nan, na ƙarƙashi shi mutane suka fi yi wa rowa, alhali shi ne ke riƙe zane. Mutum zai ga yadi ya gaza, sai ya ce bari ya rage na ƙarƙashi ya ƙara ɗame roba. Ba ya yiwuwa. Aikin roba kawai ta tattaro bakin zane ta ja shi ciki. In bakin bai wuce kaifin ƙasan katifa ya kwanta a ƙarƙashinta ba, robar sama za ta ja shi, kuma gwargwadon ƙarfinta gwargwadon saurin fitar zanen. Santimita 10 ya yi daidai, 12 ko 15 ya fi ga katifa mai kauri sosai, ƙasa da 7 kuwa ba na ba kowa shawara.

Na yi lissafi, zanen ya gaza. Shi ke nan na haƙura?

A'a, akwai hanya uku kafin a kai ga haƙuri.

Ta farko, ku duba kan zanen. Yawancin zannuwa marasa roba suna da faffaɗar kalmasa a gefen kai, mai faɗin inci 3 zuwa 4. Ku farke ta a hankali, ku goge wurin da dutsen guga mai tururi, kun sami ƙarin tsawo kyauta. Ƙananan kalmasoshin gefe ma in an farke su suna ba da santimita ɗaya ko biyu.

Ta biyu, ku ɗauki zane na gado mafi girma, amma ku auna shi tukuna, domin girma ba kullum yake ƙara tsawo ba. Misali a Amurka katifar da suke kira Queen faɗinta inci 60 ne, tsawonta 80, zanenta marar roba kuma yawanci 90 ne da 102. Rarar faɗi inci 15 ce kowane gefe, ta tsawo kuwa 11 kacal. In aka cire 4 na ƙarƙashi da 1 na kalmasa, katifar da ba ta wuce inci 6 a kauri ba kawai zai rufe. Zanen King nasu kuma 108 ne da 102, faɗi ya ƙaru, tsawo na nan yadda yake. Dabarar ita ce a juya shi, a sa 108 ɗin ya bi tsawon katifa, sai rarar ta koma inci 14. In zanen yana da zane-zanen da ke kallon gefe ɗaya, za su kwanta a karkace, sai mutum ya duba ko hakan zai dame shi.

Ta uku, ƙari. A yanko dogon ƙyalle daga wani yadi a haɗa a gefen da ya gaza. Ɗinkin haɗin a gefen katifa ko a ƙarƙashinta zai faɗo, ba inda jiki ke taɓawa ba, kuma in ƙarin a ƙarƙashi zai ƙare, ko launinsa bai zo ɗaya ba babu mai gani. Sharaɗi ɗaya ne, yadin ƙarin ya kasance an wanke shi, kuma nauyinsa kusa da na zanen.

Me da me zan tanada?

Tef na awo, alli ko fensir, doguwar rula ko wani miƙaƙƙen katako, almakashi mai kaifi, fil, zare mai ƙarfi, dutsen guga, roba, da babban fil mai makulli na zura roba. A keken ɗinki, allura lamba 80 ko 90 ta isa yadin zanen gado, tsawon ɗinki kuma milimita biyu da rabi. Ku nemi kwali ma, za ku ga amfaninsa wajen yankan kusurwa.

Sabon zane ne, dole sai na wanke kafin in yanka?

Dole. Auduga takan tsuke a wankin farko, sau da yawa da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A zane mai tsawon santimita 276, kashi 3 kawai ya haura santimita 8, wato santimita 4 a kowane gefe, kusan rabin abin da kuka ware wa ƙarƙashi. A wanke, a shanya yadda za a riƙa yi masa kullum, a goge, sannan a auna.

Yaya ake yanke kusurwoyin?

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne kaɗai ba a iya gyarawa in an yi kuskure, don haka a yi shi a natse.

Da farko a daidaita zanen ya koma awon da lissafi ya bayar. A misalinmu 276 da 226. Duk abin da ya haura a yanke shi, kuma a tabbata kusurwoyin huɗu a miƙe suke. Zannuwan kanti ba kasafai suke fitowa daidai ba, musamman bayan wanki, don haka a gwada kowace kusurwa da gefen littafi ko kwali.

Sai a shimfiɗa shi a ƙasa mai tsabta, bayansa na sama. A kowace kusurwa a zana murabba'i mai faɗin rarar nan, 38 ta nan, 38 ta can. Layukan nan biyu da kuka zana, nan ne allura za ta bi, ba nan almakashi zai bi ba. Wannan bambanci ƙarami ne amma yana da tasiri. In kuka yanka a kan layin, kuka shigo ciki da santimita ɗaya da rabi kuka ɗinka, saman zanen ya ragu da santimita 3 a tsawo da 3 a faɗi, sai ya ƙi shiga ko ya shiga da ƙyar. Don haka ku sake zana wani layi a cikin murabba'in, santimita ɗaya da rabi daga na farko, ta ɓangaren da za a yar. A kan wannan na biyun za ku yanka. Abin da zai fita murabba'i ne mai 36 da rabi.

Amfanin kwali a nan yake. Ku yanka shi daidai wannan awo, ku ɗora a kowace kusurwa ku zagaye da alli, huɗun su fito iri ɗaya. Wasu sukan ninka zanen huɗu su yanke kusurwoyin a lokaci guda. Yana da sauri, amma yadi huɗu a haɗe yakan goce a bakin almakashi, na ƙasa ya fita daban da na sama. Ni na fi son a yanka ɗaya bayan ɗaya.

Kafin almakashi ya taɓa yadi, akwai gwajin da bai kamata a tsallake ba. Ku ɗora zanen a kan katifar, bayansa na sama, ku kama kowace kusurwa ku haɗa layukan alli biyu da fil. In filolin sun sauko daidai kan kusurwar katifa a duk huɗun, lissafinku ya yi. In ba su sauko ba, alli ne, a goge a sake.

Rarar tsawo da ta faɗi ba su zo ɗaya ba. Ba zan iya yanke kusurwar yadda ta zo ba, don kada in yi asarar yadi?

Ba za ta haɗu ba. Gefuna biyu da yankan ya bari su ake haɗawa a ɗinke, in ɗaya ya fi ɗaya tsawo, bakin zanen zai fito da tudu a kusurwa, kalmasa kuma ta ƙi tafiya. Ku ɗauki ƙaramar rarar ta zama ma'auni, ku rage babbar ta dawo daidai da ita.

Wane irin ɗinki ya dace da kusurwa?

Kusurwa ita ke ɗaukar jan da ake yi wa zane duk lokacin da za a sa shi ko a cire, saboda haka ɗinki ɗaya da buɗaɗɗen baki ba ya daɗewa. Zaren bakin yadin zai riƙa zarewa a wanki har ya cim ma ɗinkin.

Wanda na fi yarda da shi shi ne ɗinki biyu mai ɓoye baki, wanda masu sana'a ke kira ɗinkin Faransa. A haɗa gefuna biyun baya da baya, fuskar yadi na waje, a ɗinka rabin santimita daga baki. A rage zaren da ya fito, a goge, a juya yadda fuska za ta haɗu da fuska, a sake ɗinkawa santimita ɗaya daga ninkin. Bakin yadin ya shige cikin ɗinki na biyu ke nan, ba abin da zai zare. Rabi da ɗaya shi ne santimita ɗaya da rabin da muka bari ɗazu.

Wanda ba ya son wannan zai iya haɗa fuska da fuska ya yi miƙaƙƙen ɗinki, ya bi bakin da zigzag, ko da keken da ke ɗaure bakin yadi in yana da shi. Ko wanne aka zaɓa, a maimaita ɗinkin baya da gaba a saman kusurwar, inda ya ƙare da tsini, don daga nan yagewa ke farawa. Da yake kusurwar katifa ba ta da kaifi, in aka ɗan lanƙwasa ɗinkin a santimita biyu ko uku na ƙarshe, zanen zai kwanta ba tare da ɗan kunne ya tsaya a sama ba.

Wace roba zan saya?

Mai faɗin milimita 6 zuwa santimita ɗaya. Wadda ta fi haka faɗi tana yin tauri a ƙarƙashin katifa, kuma tana cin yadi wajen kalmasa.

Iri biyu aka fi samu, kuma da hannu ake gane su. Ku ja ta. In ta sirance yayin da ta miƙe, kuma tana da layuka a tsaye kamar kitso, wannan ta zurawa ce. In allura ta ratsa ta, ƙarfinta raguwa yake yi. In kuwa ba ta sirance ba, kuma tana da laushi, wannan ana iya ɗinka ta kai tsaye a jikin yadi, ana kuma iya zura ta. Kafin ku auna ku yanka, ku ja ta ku saki sau da yawa, domin sabuwar roba takan ɗan saki bayan jan farko.

A kusurwa kawai zan sa robar, ko in zagaye zanen duka?

Duka biyun ana yi. Ta kusurwa kawai ta fi sauri kuma ba ta cin roba: a yanka guda huɗu, kowace santimita 30, a miƙe ta ta rufe kimanin 50, rabi ta wannan gefe na ɗinkin kusurwa, rabi ta wancan. Ga siririyar katifa ko gadon da ba a yawan kwana a kai, ta wadatar.

Amma ga gadon kullum, musamman na mai juyi cikin barci ko na yara, a zagaye. Dogayen gefunan nan biyu su ne ke fara kumburowa su fito in babu abin da ke jan su ciki, kuma da sun fito, kusurwa ke bi. Ƙarin aikin bai taka kara ya karya ba, bambancin kuwa a daren farko za a gan shi.

Nawa ne tsawon robar in zan zagaye?

Kimanin kashi biyu cikin uku na kewayen bakin zanen. Bayan an ɗinke kusurwoyi, kewayen baki daidai yake da kewayen katifa. A misalinmu 200 da 150 sau biyu, santimita 700. Kashi biyu cikin uku ya kama wajen 465.

Dalilin wannan awo shi ne, da bakin zanen ya shige ƙarƙashi da santimita 10 ta kowane gefe, layin da yake kwance a kai ya koma 180 da 130, kewayensa 620. Robar da ta kai 620 ba abin da take ja. Dole ta gaza haka sosai kafin ta ɗame. Sai dai robobi sun bambanta a ƙarfi, don haka kada ku ɗinke bakinta nan da nan. Ku kama da fil, ku sa zanen a katifa, ku gani. In yana shiga da ɗan ja kuma saman ya kwanta, ta yi. In ya yi sako-sako a rage, in sai an yi kokawa a ƙara.

Zura robar ya fi, ko ɗinka ta a jikin yadi?

Zurawa ta fi, saboda ranar da robar ta mutu za a zare ta a sa wata ba tare da an farke komai ba. Ana yin ƙubaka ne irin ta wando. A ninka bakin zanen santimita 1 a goge, a sake ninka 2 a goge, a ɗinka kusa da bakin ninkin a zagaye, a bar ƙofa mai faɗin yatsu uku. A maƙala fil mai makulli a kan robar a tura. Ɗaya bakin a kama shi da fil a jikin zanen tun kafin a fara, don kada ya shige ciki. Tura roba mita huɗu da rabi ta ƙofa ɗaya akwai gajiya, don haka ku bar ƙofa biyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, ku fito da fil ɗin a rabin hanya ku ja, sannan ku ci gaba. A wajen ɗinkin kusurwa fil yakan maƙale. In kun kwantar da ɗinkin gefe ɗaya da guga kafin kalmasa, kuka tura ta inda ya kwanta, zai wuce. A ƙarshe a ɗora baki kan baki santimita 2, a tabbata robar ba ta murɗe ba, a ɗinke sosai, a rufe ƙofofin.

Ɗinkawa kai tsaye ta fi sauri, kuma robar ba ta taruwa gefe ɗaya. A haɗa bakinta ta zama zobe, a raba ta huɗu da alli. A jikin zanen kuma a yi alama a tsakiyar kowane gefe, domin tsakiyoyin nan huɗu suna raba kewayen huɗu daidai wa daida. A haɗa alama da alama, a riƙa jan robar da hannu biyu, ɗaya gaban allura ɗaya bayanta, ana bi da zigzag. Miƙaƙƙen ɗinki a nan tsinkewa yake yi in robar ta miƙe.

Ba ni da keken ɗinki. Zai yiwu da hannu?

Zai yiwu, sai dai haƙuri. Kusurwoyi huɗun gajeru ne, a yi musu ɗinki mai komawa baya, ƙanana a matse, da zare biyu. Kalmasar ce mai tsawo, mita bakwai. Mai ɗinkin hannu zai iya sauƙaƙa wa kansa ya yi ƙubaka a kusurwoyi kawai, sauran bakin ya bar shi da kalmasarsa ta asali in bai yanke ta ba.

In ba na son yanka zanen fa?

Akwai maɗauran roba masu ɗan maƙali a kowane baki, ana kama zane da su ta ƙarƙashin katifa daga gefe zuwa gefe. Wasu kuma ƙulla kowace kusurwa suke yi su tura ƙullin ƙarƙashi. Suna taimakawa, amma maƙalin yakan ci yadi a hankali, ƙulli kuma yakan kwance.

Tun yaushe ake yin irin wannan zane?

Ba tsohon abu ba ne sosai. A 1959 wata Ba'amurkiya mai suna Bertha Berman ta sami takardar mallakar ƙirƙira ta zanen gado mai ɗinkakkun kusurwoyi da ke kama katifa. A farkon shekarun 1990 kuma Gisele Jubinville, daga lardin Alberta na Kanada, ta fito da nata mai zurfin aljihu, wanda ke shigewa can ƙarƙashin katifa don kada ya fita, ta sayar da haƙƙinsa a 1993 kan dala miliyan ɗaya. Abin lura shi ne gyaran da ta kawo na zurfin kusurwa ne, wato maganar rarar ƙarƙashin nan dai.

Na gama, amma kusurwa na fita da dare. Ina matsalar?

Ku ɗaga katifar ku duba inda bakin zanen ya tsaya. In a gefe ya tsaya ko a kan kaifin ƙasa, aljihun bai yi zurfi ba, kuma ƙara ɗame roba ba zai gyara ba. Maganinsa ƙari: a farke kalmasa, a haɗa ƙyalle mai faɗin santimita 12 zuwa 15 a zagaye, a yi sabuwar ƙubaka a jikinsa.

In bakin ya shige ƙarƙashi sosai amma yana lilo, robar ce ta yi tsawo, a buɗe ƙofa a rage ta. In duka biyun lafiya suke kuma har yanzu yana zamewa, to santsi ne, ko na yadin ko na rigar katifar. A nan sai a ɗinka guntuwar faffaɗar roba a karkace a ƙarƙashin kowace kusurwa, daga wannan gefe zuwa wancan, kimanin santimita 20 daga ɗinkin kusurwar. Wannan ƙaramin ƙari yana riƙe zanen da ya gagari komai.

Nawa kuma matsewa ya yi, har katifar na lanƙwasowa.

Ku cire robar ku gwada zanen haka nan. In ya shiga lafiya, robar ce ta yi gajarta, a ƙara mata. In ko babu roba ma sai an ja da ƙarfi kafin kusurwa ta huɗu ta shiga, saman ne ya gaza, wataƙila an yanka a kan layin ɗinki ko yadin ya tsuke. A farke kusurwoyin a sake ɗinka su kusa da baki, kowace za ta saki kusan santimita ɗaya. Katifar soso marar kauri ta fi saurin lanƙwasa, ita robarta sassauƙa ake sa mata.

Zan iya ɗinka wa gadon jariri?

Za ku iya, amma a nan ba a yarda da “ya yi kusa” ba. Shawarar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ita ce jariri ya kwana a rigingine a kan shimfiɗa mai tauri da ke kwance daidai, ba komai a kanta sai zane mai kama katifa, babu matashi, babu bargo a sake. Dalili shi ne yadin da ya kwance zai iya rufe masa hanci. Don haka zanen jariri a zagaye shi da roba duka, a ba ƙarƙashi rara mai yawa, kada a sa igiya ko maɗauri ko wani abin ado. Bayan an sa shi, ku kama tsakiyarsa ku ja sama da ƙarfi. In kusurwa ta fita, bai yi ba. A riƙa maimaita wannan gwaji bayan wanki, domin roba na saki da tsufa.

Yaya zan kula da shi don robar ta daɗe?

Zafi da bilic su ne ke kashe roba. Kada a dafa zanen, kada a ɗora dutsen guga a kan bakin da robar take, in ana amfani da injin busar da kaya a rage masa zafi. In an ji robar na ƙara kamar busasshen ganye yayin da aka ja ta, ko ta miƙe ta ƙi komawa, ta mutu, a canza.

Murabba'ai huɗun da na yanke fa?

Biyu daga ciki sun isa rigar ƙaramin matashi. Ko a ajiye su don faci, tunda launinsu da na zanen ɗaya ne.

Kullum sai na juya shi sau biyu kafin in gane tsawo da faɗi. Akwai dabara?

Akwai, kuma tun wajen ɗinki ake yin ta. Lokacin da kuke kalmasa, ku soka ɗan ƙyalle mai launi daban a tsakiyar gajeren gefe ɗaya, ta ciki, ku ɗinke shi tare. Gefen da ƙyallen yake shi ne kai ko ƙafa. Wajen sawa kuma ku fara da kusurwar da ta fi wuyar kaiwa, ta jikin bango, ku bi da wadda ke kallonta a karkace, sannan sauran biyun.